NA'URA MAI AUNA KIƊA: MUDUN WACE KASUWA NE?

Ga bayani a kan wata dabara ta zamani wadda ta yaɗu har ta shiga aljihun samari. Yanzu akwai manhaja, watau wani tsarin lissafi da a ke zubawa cikin kwamfuta ko wayar hannu, wadda in an ba ta sautin kiɗa da aka ɗauka, sai ta saurara, kafin a ɗaura rawani ta faɗi abu biyu. Na farko saurin kiɗan, watau bugu nawa ya ke yi a minti ɗaya. Na biyu haɗin amon da ke cikinsa, watau waɗanne muryoyin tsirkiya ne suka tashi tare a kowane wuri. Daga cikin irin waɗannan akwai Chordify, wadda aka kafa a ƙasar Holan a shekarar 2013, da Sonic Visualiser, wadda Jami'ar Queen Mary ta birnin Landan ta ke bayarwa kyauta.

Hukuncin kiɗa kansa magana ce da malamai suka daɗe da yi, kuma littattafan fiƙihu sun ishe ta. Abin da ya kawo wannan bayani shi ne awo. Ɗan kasuwa ya sani mudun wannan gari ba lalle ya yi daidai da na wancan ba, malami kuwa ya sani akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma wadda ta ɗauki sunanta daga masu tauye mudu. To, wannan na'ura ma'auni ce, ya kamata kuwa a san kasuwar da aka sassaƙa mudunta kafin a yarda da awonta.

ƘIDAYAR BUGU

Auna sauti da lissafi tsohon ilmi ne a wurin Musulmi. An ruwaito cewa Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 2 na Hijira, ya bi ta kasuwar maƙeran tagulla, ya ji yadda guduma ke sauka tana tashi, daga nan Allah ya buɗe masa ilmin aruli. Ya fitar da baharai 15, almajirinsa Ahfashu ya ƙara ɗaya suka cika 16, su ne kuwa marubuta waƙoƙin Hausa suka ɗora baitocinsu a kai tun zamanin masu jihadi. Farabi, wanda ya rasu a 339 ta Hijira, ya yi dogon bayani a kan zagayen bugu da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. A Turai kuwa wani Bajamushe mai suna Maelzel ya yi rajistar wani ɗan akwati mai lilo a shekarar 1815, wanda ke ƙwanƙwasa sau adadin da aka sa masa a minti, tun daga nan Turawa suka riƙa rubuta saurin kiɗa da lamba.

Ga yadda na'urar yanzu ta ke aikinta. Sauti motsin iska ne, makirufo ya kan mai da shi motsin lantarki, kwamfuta kuma ta kan auna ƙarfin motsin nan ta rubuta shi da lamba. A faifan CD a kan yi wannan awo sau 44,100 a cikin sakan ɗaya. Sa'an nan manhaja ta yanyanka jerin lambobin gunduwa-gunduwa, tana duba inda ƙarfin sauti ya yi tsalle farat ɗaya, gama nan ne gula ta taɓa fata, ko yatsa ya taɓa tsirkiya. Duk inda ta ga haka sai ta sa alama. In ta gama, sai ta ɗauki kwafin jerin alamun ta ɗora bisa asalinsa, tana gusa shi kaɗan-kaɗan, har ta kai wurin da alamun kwafi suka fi faɗawa bisa alamun asali. Gwargwadon gusawar nan shi ne tazarar da ta fi maimaituwa. In tazarar rabin sakan ce, sai ta rubuta 120 a minti, in sakan ɗaya ce, ta rubuta 60. Masataka Goto a Japan a 1994, da Eric Scheirer a Amurka a 1998, suna cikin waɗanda suka fara nuna kwamfuta na iya bin bugu kai tsaye daga sautin da aka ɗauka.

KUSKUREN LUGUDE

Akwai wani kuskure wanda masanan kansu suka san shi sarai. A ɗauki mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. Wanda ya ƙirga taɓaryar mace ɗaya zai ce 60 a minti, wanda ya ƙirga duk saukar da ya ji zai ce 120, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka na'ura ta kan ninka saurin kiɗa ko ta raba shi biyu. Don a rage wannan, masu tsara ta da yawa suka koya mata ta fi karkata ga abin da ke kusa da 120, domin wajen nan ne mutane suka fi jin daɗin tafi da taka ƙafa. Ke nan wani lokaci amsar da ta bayar zaɓin mai tsara ta ne da aka dasa mata tun farko.

In kuwa matan uku ne, sai al'amarin ya ƙara tsauri. A kaɗe-kaɗen Afirka ta Yamma da yawa, ganga ɗaya tana raba lokaci gida biyu, wata tana raba wannan lokaci gida uku, su duka kuma a kan hanya su ke. Mai rawa ya san wadda ƙafarsa za ta bi, don ya tashi ya tarar ana yi. Na'ura ba ta da ƙafa, saboda haka ta kan kama wadda ta fi ƙara, ta ce 90 inda 'yan rawa ke jin 60 ko 120.

HAƊIN AMO

Kowane amo yana da yawan kaɗawarsa. Tsirkiya mai kaɗawa sau 440 a sakan tana ba da amon da Turawa suka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan a 1939, ya zama shi ne sikelin da a ke gyara kayan kiɗa da shi. Amon 220 da na 880 'yan'uwansa ne, kunne na jinsu kamar abu ɗaya, sai dai wannan a ƙasa, wancan a sama, kamar muryar uba da ta ɗansa in suna bin ƙira'a ɗaya. Tsakanin 220 da 440 Turawa suka kafa tsani mai matakai 12 daidai wa daida, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da wajen kashi 6 cikin 100. In aka taɓa matakai uku ko fiye a tare, shi ne haɗin amo. Misali 262 da 330 da 392 su ne haɗin da ɗalibin fiyano ya kan fara koya.

Asalin dabarar warware su ya fito daga wani Bafaranshe, Joseph Fourier, wanda ya taɓa zama a Masar tare da rundunar Napoleon a 1798. A littafinsa na 1822 ya nuna kowane motsi mai sarƙaƙiya ana iya rarraba shi zuwa sassauƙan motsi, kamar yadda mai canji ke zube jakar kuɗi ya ware kowane iri gefe. Lissafin yana da tsawo ƙwarai, sai a 1965 wasu Amurkawa biyu, Cooley da Tukey, suka bayyana gajeriyar hanyar da kwamfuta ke yinsa da sauri. A 1999 wani Bajapane, Takuya Fujishima, yana Jami'ar Stanford, ya kawo shawarar a jera ƙwarya 12, ɗaya ga kowane mataki, duk amon da aka ware a jefa shi cikin ƙwaryarsa, ko na sama ne ko na ƙasa. Sa'an nan a duba ƙwaryoyin da suka fi cika, a gwada su da hotunan haɗi 24 da aka ajiye, 12 masu fara'a, 12 masu sanyin jiki. Wanda ya fi kama shi ne amsa.

Daga baya aka ƙara mata wayo. Aka koya mata cewa haɗi ba ya sakewa kowane ƙiftawar ido, kuma wani haɗin ya fi yawan bin wani, kamar yadda mai nahawu ya san abin da ya kan biyo bayan harafin jarra. Bayan 2010 kuma aka koma ga irin manhajar da ke koyo da kanta daga dubban misalai. A kan gwada waɗannan manhajoji a wata gasa ta masana da Jami'ar Illinois ta Amurka ta fara shiryawa a 2005, mafi ƙwarewa a cikinsu kuwa sun kai ga dacewa wajen kashi 80 cikin 100 a kan waƙoƙin Turawa na zamani. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, balle da ya ke ƙwararrun makaɗa ma su kan saɓa wa juna in an ba su waƙa ɗaya su rubuta.

INDA AKA SASSAƘA MUDUN

Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Na'ura mai koyo ba ta san kome ba sai abin da aka karantar da ita. Littafin farko da akasarin waɗannan manhajoji suka sauke shi ne waƙoƙi 180 na ƙungiyar Beatles ta Ingila, waɗanda wani ɗalibi, Christopher Harte, ya zauna ya rubuta haɗin amonsu ɗaya bayan ɗaya a Jami'ar Queen Mary. Abin da aka ƙara daga baya mafi yawansa waƙoƙin Amurka da Turai ne. Saboda haka ƙwarya 12 ta sani, kuma duk abin da ta ji dole ta sami ƙwaryar da za ta jefa shi.

Tun 1885 wani Baturen Ingila, Alexander Ellis, ya auna kayan kiɗan al'ummai daban-daban, ya tabbatar tsanin amo ba ɗaya ba ne a duniya. Shi ne ya raba kowane mataki gida 100, kamar a ce mataki naira ne, gidajen kuwa kwabo. Bisa wannan lissafi, abin da ya raba haɗi mai fara'a da mai sanyin jiki shi ne amon tsakiya, na farko yana kan naira 4, na biyu a kan naira 3. To, a maƙamar Rast ta Larabawa amo na uku yana wajen naira 3 da kwabo 50. Na'urar da ba ta riƙe canji ba za ta yi ta tangaɗi, yanzu ta ce fara'a, jim kaɗan ta ce sanyin jiki, alhali mawaƙin bai kauce ko kaɗan ba. Haka abin ya ke a Bayati da Sika.

Larabawa sun riga sun yi wannan muhawara. Safiyuddini na Urmiya, wanda ya zauna a Bagadaza ya rasu a 693 ta Hijira, ya raba tsanin gida 17. A ƙarni na 19 na Miladiyya Mikha'ilu Mushaƙa na Sham ya yi bayanin rabon gida 24. A 1932 Sarki Fu'adu na Masar ya tara masana daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai a Alƙahira, aka tattauna ko za a daidaita gidajen nan 24 su zama tsawo ɗaya, aka tashi ba a haɗu a kan magana guda ba, domin Sikar Masar da ta Sham da ta Turkiyya kowace da inda ta ke zama. Abin da taron sarki ya kasa yankewa, manhajar cikin waya ta kan yanke shi a sakan ɗaya, ba tare da ta gaya wa mai ita cewa ta yi ragi ko ƙari ba.

Masana sun farga da wannan. Daga 2011 zuwa 2017 Xavier Serra na Jami'ar Pompeu Fabra a Barsalona ya jagoranci wani babban aiki na ƙera ma'auni dabam domin kiɗan Indiya ta arewa da ta kudu, da maƙaman Turkiyya, da kiɗan Andalus na Magrib, da wasan waƙa na birnin Sin. A Beljiyam kuma aka yi manhajar Tarsos, wadda ke auna amo kwabo-kwabo ba tare da ta tilasta shi cikin ƙwarya ba.

GOGE DA KALANGU

Kiɗan Hausa na gargajiya ba a gina shi bisa haɗin amo ba. Mawaƙi ne ya ke ja, 'yan amshi su karɓa, kayan kiɗa su bi. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, haka goge, haka kukuma. Duk da haka in aka ba manhaja sautin goge, za ta jero haɗe-haɗe ba ko tantama. Dalili kuwa, tsirkiya mai kaɗawa sau 220 tana fitar da wasu ƙananan amo tare da shi, 440 da 660 da 880 da 1,100, su ne ke ba kowane abin kiɗa irin muryarsa. In aka jefa su cikin ƙwarya, sai su cika ƙwarya uku, waɗannan ukun kuwa su ne daidai hoton haɗi mai fara'a. Ke nan na'ura ta ga mutum ɗaya da inuwarsa biyu, ta rubuta mutum uku.

Kalangu ya fi ba ta wuya. Makaɗi yana matsa shi a hammata yana sakinsa, amo na hawa yana sauka ba tare da ya tsaya kan mataki ba, don yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe ne. Kalangan da ke bayan Mamman Shata magana su ke yi, mai jin Hausa yana fahimta. A wurin manhaja wannan duk zamiya ce tsakanin ƙwarya da ƙwarya. Amma waƙoƙin da a ke haɗawa da fiyanon lantarki a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano tun shekarun 1990, waɗannan tana karanta su sosai, gama an yi su ne da tsanin nan mai matakai 12, bugunsu kuma inji ke riƙe da shi.

A nan ne abin tsoro ya ke. A 1997 wani injiniya, Andy Hildebrand, wanda ya yi aikin binciken man fetur ta hanyar sauraron amon ƙasa, ya fito da Auto-Tune, mai janyo muryar mawaƙi zuwa matakin da ya fi kusa. Da manhaja mai aunawa da mai gyarawa suka haɗu a hannun yaro, sai ya ɗauka duk abin da bai hau mataki ba kuskure ne, ya miƙe shi. A 2009 wasu masana a birnin Gent suka auna tarin tsofaffin ɗauke-ɗauke na gidan tarihin Afirka ta Tsakiya da ke Beljiyam, suka ga alamar cewa na baya-bayan nan sun fi karkata ga daidaitattun matakai irin na Turai. In mudu ɗaya ya mamaye kasuwanni duka, hatsin da bai dace da shi ba ya kan daina zuwa kasuwa.

SHA'ANIN ƘIRA'A

Wasu almajirai su kan gwada ba irin wannan manhaja karatun Alƙur'ani don su ga abin da za ta ce. Ya kamata su sani ba a yi ta domin wannan ba. Ƙira'a ba ta da bugu mai maimaituwa, harafi ne ke mulkin lokaci a cikinta. Maddi na ɗabi'a haraka 2 ne, maddi lazimi haraka 6, haraka kuwa ba ta da tsayayyen tsawo a agogo, tana bin saurin makaranci ne, ko tahƙiƙi ya ke yi, ko tadwiri, ko hadari. Ga wuraren tsayawa, waɗanda ma'ana da numfashi ke yankewa. Manhaja za ta rubuta lamba dai, don an yi ta ne ta ba da amsa ko babu tambaya, amma lambar ba ta nufin kome. Akwai wasu manhajoji dabam masu bin haruffa don taimakon mai hadda, su ma mataimaka ne kawai. Alƙur'ani daga bakin malami a ke karɓarsa, haka aka gada, haka kuma za a bar wa na baya.

INDA TA YI RANA

Duk da haka kada a raina ta, gama akwai wurin da awonta ya fi kunnen kowa. Masu mai da tsofaffin kaset da faifan garmaho zuwa kwamfuta sun san wahalar rakodar da ke gudu ko jan ƙafa. Zaren kaset ya kamata ya yi tafiyar santimita 4.76 a sakan. In ya ɗara da kashi 6 cikin 100, murya za ta hau mataki ɗaya cur, bugu 100 ya koma 106, dattijo ya koma kamar saurayi. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma sau da yawa gunjinta ya kan shiga cikin kaset lokacin ɗauka in da wuta aka yi aikin. In manhaja ta nuna gunjin nan a kan 53, an san zaren yana gudu, sai a rage shi har ya koma 50, muryar mai magana ta dawo yadda Allah ya yi ta. Wannan ya shafi kaset ɗin wa'azi da na tafsiri kamar yadda ya shafi na waƙa.

Tana kuma da amfani ga mai koyo wanda ba shi da malami kusa, da mai shago mai dubban waƙoƙi da ya ke so ya jera su bisa saurinsu. Amma a wajen jayayya kan haƙƙin mallaka, kamannin haɗin amo shi kaɗai ba ya zama hujja. A watan Mayu na 2023 wata kotu a birnin New York ta wanke mawaƙin Ingila Ed Sheeran daga ƙarar da magadan Ed Townsend, abokin aikin Marvin Gaye, suka kai shi. Kariyarsa ita ce jerin haɗin nan ya daɗe yana yawo cikin waƙoƙi masu yawa. Malamin aruli ba zai yi mamaki ba, gama mawaƙa dubu sun yi waƙa a baharin Kamil, ba wanda ya ce wani ya sace masa bahari.

Saboda haka mai amfani da ita ya riƙe abu uku. In ta faɗi sauri, ya tafa hannu ya ƙirga da kansa na sakan 15, ya ninka sau 4, ya ga ko ta ninka ko ta raba. In ta faɗi haɗi, ya fara tambaya ko kiɗan nan yana da haɗi tun asali. In kuwa ta nuna amon wani tsohon makaɗi bai hau mataki ba, ya rubuta adadin kwabon da ya rage ya ajiye, kada ya gyara, domin wataƙila wannan ragin shi ne gadon gidansu. Jami'o'in ƙasar Hausa suna da masana lissafi, gidajen rediyo na Kaduna da Kano da Damagaram suna da tsofaffin ɗauke-ɗauke, makaɗan da suka san asalin abin kuwa kullum raguwa su ke yi. In aka haɗa su tun suna raye, za a iya sassaƙa mudun da ya dace da wannan kasuwa. Allah ya ba da iko, ya sa a cika awo, amin.